Labarin Maƙeran Sha'awa, Masu Nuna Wa Juna Aikinsu

Jama'a, yau za mu ba ku labarin waɗansu mutane na Ingila da Amurka waɗanda ke ƙira ba don neman abinci ba. A cikinsu akwai akawu, da likita, da malamin makaranta, da direba, da tsohon da ya ajiye aiki. Da rana kowa yana wajen sana'arsa. In ya taso da yamma, ya ci abinci, sai ya shiga wani ɗan ɗakin katako da ya kafa a ƙarshen lambunsa, ya kunna fitila, ya dinga sassaƙar ƙarfe har dare ya raba. Ƙananan injuna suke ƙerawa, da agogo, da kan jirgin ƙasa wanda tsawonsa bai wuce kamu biyu ko uku ba. Kada ku zaci abin wasan yara ne. In an zuba masa ruwa, aka hura masa wuta da kwal, sai ya yi tururi ya tashi, har ya ja mutane a bayansa.

Uwar kayan aikinsu ita ce injin sassaƙar ƙarfe. Yadda yake aiki kuwa, ana damƙe guntun ƙarfe a bakinsa, injin ya riƙa juya shi da sauri, sa'an nan a matso da wata 'yar wuƙa mai tauri ta dinga fere shi kaɗan kaɗan, har ya kai kaurin da ake so. Da shi ake huda rami daidai tsakiya, da shi ake yanka zaren noti. Awonsu ba na ido ba ne. Inci guda suke rabawa kashi 1,000, kashi ɗaya ɗin nan kuwa gashin kan mutum ya fi shi kauri sau biyu ko uku. In fistan ya yi sako-sako da kashi kaɗan, tururi ya zurare, injin ba zai motsa ba.

Wani kamfani mai suna Myford, a garin Beeston kusa da Nottingham, ya fito da wani ƙaramin injin irin wannan a shekarar 1946, ana ce da shi ML7. A kan tebur ake kafa shi, yana kuma ɗaukar ƙarfe mai tsawon inci 20. Shi ne ya shiga gidajen masu matsakaicin hali bayan Yaƙin Duniya na Biyu. An rufe masana'antar ta Beeston a 2011, amma tsofaffin injunanta suna nan ana cinikinsu hannu da hannu.

To, amma ba injin ne ya raya wannan sha'ani ba. Abin da ya raya shi, shi ne halin nan nasu na rashin ɓoye aiki. A shekarar 1898 wani Bature, Percival Marshall, ya fara buga mujalla a London mai suna Model Engineer. A shekarar nan kuma aka kafa jam'iyyar masu wannan ƙira, a 1907 suka yi babban nuninsu na farko. Al'adar da suka kafa ita ce, wanda duk ya gama wani aiki sai ya zana shi a takarda, ya rubuta awon kowane ƙarfe, ya bayyana abin da ya fara yi da abin da ya biyo, ya aika a buga. Har inda ya yi kuskure ya ɓata ƙarfe sai ya faɗa, don kada na baya ya faɗa ramin. Wani da ke can wata ƙasa, wanda bai taɓa ganin fuskarsa ba, sai ya bi takardar ya ƙera irinsa, in ya gano hanyar da ta fi sauƙi, shi ma ya rubuto.

Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne wani mai suna Lawrence, wanda ya yi aikin jirgin ƙasa yana saurayi. Ba ya sa sunansa a ƙarshen rubutu, sai haruffa huɗu, LBSC, watau harufan sunan kamfanin jirgin da ya yi wa aiki. A zamaninsa manyan masana sun tsaya a kan cewa ƙaramin kan jirgi ba ya iya cin kwal kamar babba, sai dai a ɗora masa tukunya mai sauƙi, a hura ta da man sifirit. Shi kuwa ya ce ba haka ba ne. Aka yi ta gardama a takarda. Da ya ga magana ba ta ƙarewa, sai ya ƙera nasa, mai tafiya a kan dogo wanda faɗinsa inci biyu da rabi ne kurum, ya yi masa tukunya irin ta babban jirgi, ya raɗa masa suna Ayesha. A nunin shekarar 1924 aka hura wa Ayesha kwal, ta ja babban mutum a gaban jama'a. Gani ya kori ji.

Daga nan har rasuwarsa a 1967, mutumin nan ya fitar da fasalin kan jirgi iri fiye da 100. Kashi kashi yake ba da bayani, da magana mai sauƙi, kamar maigida yana tsaye a kan yaronsa. Akwai wani ɗan ƙarami mai suna Tich da ya tsara musamman domin sabon shiga. Shi ya daɗe a ƙasa, amma har yau ana ƙera jiragensa, gama abin da ke kansa bai bi shi kabari ba.

Kada kuma a ce aikin maza ne kaɗai. An yi wata mace a Ingila, Cherry Hill, wadda ta shafe shekaru da dama tana ƙera ƙananan injunan tururi irin na zamanin Sarauniya Biktoriya. Sai ta tono tsohon zanen injin da ya riga ya ɓace daga duniya, ta ƙera shi ƙanƙane, har notinsa da hannunta take yi. Guda ɗaya yakan ci mata awa dubbai. A shekarar 2000 Sarauniyar Ingila ta ba ta lambar girma saboda wannan aiki.

Nuna aiki yana da wani amfani kuma, watau tsare rai. Tukunyar tururi, kome ƙanƙantarta, in ta fashe tana iya hallaka mutum. Saboda haka a jam'iyyunsu na Ingila ba a yarda kowa ya hura sabuwar tukunya cikin jama'a ba sai masu dubawa sun gwada ta. Cika ta suke yi da ruwa, su matsa da famfo har nauyin ya ninka wanda za ta yi aiki da shi sau biyu. Dalilin gwadawa da ruwa shi ne, ruwa ba ya matsuwa, in akwai tsaga sai dai ya tsiyaye. Tururi kuwa in ya sami kafa, watsa tukunyar yake yi.

Mai karatu yana iya cewa wannan duk sha'anin masu kuɗi ne. To, ga labarin wani Ba'amurke na jihar Misuri, David Gingery, wanda ya rasu a 2004. Ya so injin sassaƙa, kuɗinsa bai kai ba. Sai ya sami bokitin ƙarfe ya shafe cikinsa da yumɓu mai jure wuta, ya zuba gawayi, ya sa abin hura iska, ya narka tarkacen alminiyam. Ya sassaƙa siffar kowane gaɓa da katako, ya danna cikin yashi, ya zuba narkakken ƙarfen. Da magagari da abin kankara ya daidaita su. Abin mamaki, tun injin bai gama haɗuwa ba ya soma aiki da shi, ya sassaƙa sauran gaɓoɓin jikinsa. Daga 1980 ya shiga buga littattafai, guda 7 a jere, yana bayyana yadda mutum zai kafa maƙera tun daga bola. Wanda duk ya taɓa tsayawa wajen masu zubin tukunyar alminiyam a zango ya san bokitin nan, da gawayin, da yashin. Hannu iri ɗaya ne. Bambancin kawai, shi ya auna, ya rubuta, ya bayar.

Mu nan ƙasar Gana ma mun ga ƙarshen wannan zare. A 1980 Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kumasi ta buɗe wurin koyarwa a tsakiyar Magajin na Suwame, aka kawo tsofaffin injunan sassaƙa daga Ingila, aka nuna wa masu sana'a yadda ake aiki da su. Ba a kulle ƙofa ba, kowa ya zo ya gani. Yau ɗan kasuwar da ƙarfen motarsa ya karye, ko mai nikanika da faifan injinsa ya cinye, ya san inda zai nufa a yi masa sabo.

Dattawa da 'yan kasuwa, ga inda maganar ta shafe mu. Muna da maƙera, da masu zubi, da masu gyaran keken ɗinki da agogo, waɗanda hannunsu bai gaza na kowa ba. Amma sau nawa muka ga gwani ya rasu, 'ya'yansa suka sayar da kayan aikinsa a kan kilo, abin da ya sani kuwa ya tafi ke nan? Ba mu zargi kowa ba. Mai ci da sana'a dole ya ji tsoron kishiya, su Turawan nan kuwa ba da ita suke ci ba, shi ya sa bayarwa ta yi musu sauƙi. Duk da haka akwai abin da za a iya ɗauka ba tare da kowa ya rasa tuwonsa ba. Maigida ya sa yaron da ya yi makaranta ya rubuta awon ayyukansa a littafi, ya zauna a gidan. Attajiri in zai taimaki yaro, ya haɗa masa da ma'aunin ƙarfe, ba guduma kaɗai ba. Jam'iyya kuma ta duba ko za ta keɓe rana guda a shekara, masu sana'ar hannu su kawo abin da suka ƙera, samari su gani, su yi tambaya, a amsa musu.

Wanda ke da wani aiki da ya ƙera da hannunsa, ya aiko mana da bayaninsa da awonsa, za mu buga da sunansa. Allah ya sa albarka a hannuwanmu, amin.