Kukan Sa a Cikin Waƙa: Kiɗan Gwaji da Rabon Wudil a Cikinsa

Ran wata Juma'a da hantsi ina tsaye a bakin Kara ta Wudil, inda shanu ke shigowa garke-garke, dillalai na ta kai da kawowa, ƙura ta turnuƙe har mutum ba ya gane na gabansa sai da murya, sai na hangi ɗan ƙanwata, wanda ke karatu a jami'ar garin nan, ya ɗaga wayarsa sama kamar mai neman sabis, alhali kuwa ba kira yake yi ba. Na ce, "Kai kuma lafiya?" Ya rusuna ya ce, "Lafiya lau, Kawu, sauti nake ɗauka." Na ce sautin me, ga shi ba makaɗi a wurin, ba maroƙi? Ya ce in yi haƙuri zuwa dare.

Bayan sallar isha ya zo da kwamfutarsa, ya zauna a gefen tabarma ya kunna mini abin da ya haɗa. Kukan wani bijimi ne ya ja shi, ya rage masa sauri, har ya koma kamar busar kakaki daga nesa; ƙwanƙwasar da mata ke yi wa tukunya a wajen masu tukwane, don su ji ko tana da tsaga, ita ya yanka gutsi-gutsi ya jera ta zama kiɗa; ƙarƙashinsu kuma ga rugugin babbar mota tana haye gada, da wata yarinya mai tallan soyayyen kifi tana maimaita kalma ɗaya. Da farko na ɗauka shirme ne, na kuwa gaya masa haka. Amma da ya sake kunnawa karo na uku, sai na tarar ina jin garinmu da kunne kamar yadda ban taɓa jin sa ba, ko da yake shekara da shekaru ina ratsa wannan kasuwa.

Irin wannan shi ake kira kiɗan gwaji, ma'anarsa kuwa ita ce mai yin sa ya bar hanyar da aka saba, ya jarraba wata wadda shi kansa bai tabbata inda za ta ɓulle ba, ko ta wajen abin kiɗan, ko ta wajen tsarin sautin, ko ta wajen haɗa abubuwa biyu da ba a taɓa jin su tare ba. Mutane da yawa suna zaton al'adar Turawa ce tsantsa, to amma tarihi bai ba su gaskiya duka ba. Lalle a 1948 wani Bafaranshe mai suna Pierre Schaeffer ya ɗauki ƙarar jiragen ƙasa a Faris ya sarrafa ta ta zama kiɗa, shi ne kuma ya yi suna a wannan fanni. Sai dai tun 1944 wani ɗalibi Bamisire, Halim El-Dabh, ya riga ya ɗauki sautin bikin zar a Alƙahira, wanda ɗan'uwan borinmu ne, ya juya muryoyin da na'ura har suka fita daga kamanninsu. Kusa da mu ma, a Yamai, Mamman Sani ya naɗi kaset a 1978 da wata na'urar kiɗa ta lantarki mai madannai da ya saya, yana zuba karin waƙoƙin Nijar a cikinta. Rediyo da talabijin na ƙasar suka yi ta sa kiɗan tsakanin shirye-shirye, sai a 2013 da kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da shi, sa'an nan duniya ta waiwayo.

Hasali ma, wanda duk ya dubi kiɗan Hausa da idon basira zai ga cewa abin da muke kira gargajiya a yau, jiya gwaji ne a hannun wani. Wane ne ya fara rufe gwangwanin kifi da fata, ya ɗaura masa tsirkiya guda ɗaya, ya ce wannan abin kiɗa ne? Ga shi kuwa da wannan kuntigi Ɗan Maraya Jos ya zaga duniya kafin rasuwarsa a 2015. Wace mace ce ta fara kifa ƙwarya a kan ruwa, ta lura cewa amonta ya sauya, har abin ya zama sana'ar da Barmani Choge ta Funtuwa ta riƙe zuwa 2013? Haruna Uji na Haɗeja, can gaba a bakin kogin da ya ratsa garinmu, ya sa gurmi ya faɗi abin da ba a san gurmi na iya faɗa ba. Masu bege na Kano sun ɗauki karin waƙoƙin fina-finan Indiya suka ɗora yabon Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, a kansa, suna buga bandiri. Da fim ɗin Hausa ya kafu kuma, tun daga Turmin Danya a 1990, samari suka sami fiyanon Yamaha suka koya mata kwaikwayon kalangu da sarewa, dattawa suka yi tir, yau ga shi babu gidan biki da ba a jin ta. A shekarun 2000 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya shirya wasanni a British Council ta Kano, inda aka hau da makaɗan gargajiya da masu gambarar zamani dandamali guda, kukuma na amsa wa saurayi mai zuba baiti da sauri. Wanda ya san yadda gambara take tun asali, da habaicinta da saurin bakinta, bai yi mamakin yadda suka dace ba.

Na san akwai mai karatu da zai ce, to ina hukuncin wannan duka? Mas'alar sauraron kiɗa tsohuwa ce, malamai sun yi saɓani a kanta tun kafin a haifi kakanninmu, har Imamu Gazali ya keɓe mata babi sukutum a cikin Ihya'u, ni kuwa ban kai matsayin da zan tsoma baki a fatawa ba. Abin da kawai zan ce shi ne, bidi'ar da ake tsoro a cikin ibada daban take da sabon salo a cikin sana'a, domin in da kowane sabon abu a sana'a haramun ne, da har yanzu da allura kaɗai ake ɗinki. Sa'an nan Jihar Kano tana da Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i tun 2001, wadda ikonta ya shafi mawaƙa da wuraren nishaɗi, saboda haka duk mai shirya wasa a bainar jama'a ya san akwai ƙofar da zai fara ƙwanƙwasawa. Abin dariya, kiɗan ɗan ƙanwata ba shi da baiti ko ɗaya da za a tace, sai dai in bijimin za a tuhuma.

Zancen gwaji a fannin zane ma haka yake, sai dai gajere ne. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin Zariya, cikinsu har da Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka ƙi yarda su zama masu kwafar malamansu Turawa kurum, suka ce za su gauraya abin da aka koya musu da zanen gidajen iyayensu, daga nan fasahar zanen Nijeriya ta zamani ta sami ƙafa. To, mu a Wudil zanen gidan iyaye ba nema za mu yi ba. Ga masu ɗinkin hannu nan a zaure da gindin bishiya, mutum ya duƙufa makonni a kan aska takwas ta riga guda, yana ƙirga zare da ido ba tare da ma'auni ba. Ga magina tukwane da randuna. Baje kolin zane ba wani abu ba ne illa a ɗauko irin wannan aiki, ko hoto, ko sassaƙa, a kafa shi a bango ko a tsakar ɗaki, a ba shi haske, a ce wa jama'a su tsaya su duba shi don kansa, ba tare da an fara da tambayar nawa ne ba. Wuyan riga da aka shimfiɗa shi kaɗai a kan farin bango yakan ba wa maɗinkinsa kansa mamaki.

Inda gizo ke saƙa shi ne wurin yi. Daga kaka zuwa hunturu, lokacin da amfanin gona ya shigo gida, hanya ta bushe, dare ya yi sanyi, shi ne lokacin da tarukan fasaha suka fi yawa a ƙasar nan, kuma kusan dukkansu a manyan birane suke. A Kano akwai Gidan Ɗan Hausa, da Gidan Makama, da zaurukan Jami'ar Bayero, da cibiyar Faransawa ta Alliance Française. Akwai bikin fina-finan harsunan Afirka na KILAF da aka fara a 2018. A Kaduna kuma aka buɗe bikin littattafai da fasahar Hausa na HIBAF a 2021. Sanarwarsu ba ta cika bin rediyo ba, a Facebook da WhatsApp take yawo, wanda ba ya cikin zauren da ake turawa sai ya ji labari bayan an watse. Bawudile mai sha'awa tilas ya yi tafiyar kimanin kilomita 40, ya biya mota zuwa da dawowa, ya kuma tashi ana tsakiyar wasa don kada dare ya yi masa a hanya.

Wannan kuwa abin takaici ne ga gari irin namu, wanda ya daɗe a hannun Makaman Kano, yake kan babbar hanyar Maiduguri, yake da jami'ar kimiyya da fasaha tun 2001, wadda aka sa wa sunan Aliko Ɗangote a 2022, ga kuma makarantar horar da manyan jami'an 'yan sanda, wato dubban samari da 'yan mata daga kowace kusurwa ta Nijeriya suna kwana suna tashi a nan, kowa da kiɗan garinsu a kunnensa. Ɗan ƙanwata da abokansa, cikinsu akwai mai zane da mai ɗaukar hoto da wani ɗan gidan makaɗan kalangu, sun yi niyyar su haɗa ɗan ƙaramin taro a hunturun nan, su rataya ayyukansu, su kunna sautin kasuwa, mai kalangu ya amsa masa da hannu. Na raka su wajen wani mai ɗakin taro, ya tambaye su biki ne ko siyasa. Da suka ce ba ko ɗaya, sai ya yanka musu kuɗin da ya san ba su da shi, ya juya ya ci gaba da lissafinsa. A ganina ya yi kuskure ko ta fuskar ciniki, domin ɗakin nasa a rufe yake kwana biyar cikin bakwai.

Abin da suke bukata bai taka kara ya karya ba: fili mai katanga ko babban zaure, da janareto na awa uku, da tabarmi, da izinin mai unguwa da na hukuma, da dattijo ɗaya ko biyu da za su zauna a gaba don iyaye su saki jiki su bar 'ya'yansu su zo. Ni na ɗauki zaman gaba, na kuma yi alkawarin man janareto. Saura fili. Mai karatu, in kai Bawudile ne kuma Allah ya hore maka zaure ko farfajiya da ke zaune ba aiki, ka ara wa yaran nan ita na yamma ɗaya, ka zo da iyalinka, ka kuma daure ka saurara har sau uku kafin ka yanke hukunci.