Me Ya Sa Sai Ranar Alhamis?

A wata firamare da ke Ɗanzomo akwai yaro ɗan aji biyu da ya ɗaure wa malamarsa kai. Sauran ranaku yana zaune shiru a kan tabarma, yana jera marafan kwalba layi-layi. Amma ranar Alhamis tun daga bakin ƙofa zai toshe kunnuwa, ya yi ta ihu yana buga kai da bango.

Da farko aka ce kurma ne, tunda ko an kira sunansa ba ya waiwayowa. Malama ta murza ledar alewa a bayansa, nan take ya juyo. Zancen kurumta ya faɗi. Kakarsa ta ce iska ce. Aka yi ruƙiyya, aka sha rubutu, Alhamis ta zagayo ihu na nan. Ni dai ban taɓa jin aljanin da ke duba kalanda ba.

Sai malama ta je gida ta tambayi uwar: "Maman yara, me ke canzawa ranar Alhamis?" Ashe ranar ce kasuwar Maigatari ke ci. Uban kan yi sammako da awaki, sai yayan yaron ya rako shi makaranta a madadin uban, ba kuma ta hanyar da ya saba ba, ta lungun da injin niƙa ke ruri. Ga sauyin hanya, ga ƙara.

Da aka haɗa wannan da ƙin haɗa ido da maimaita maganar mutane da yaron ke yi, aka kai shi Asibitin Malam Aminu Kano. Likita ya ce otizim ne, abin da wasu ke kira galahanga. Ba a gano shi da gwajin jini, sai da lura da ɗabi'a da tarihin yaro. Tun 1943 likita Leo Kanner na Amurka ya bayyana yara 11 masu irin wannan naci na kada a canza musu tsari. Ba rashin tarbiyya ke kawo otizim ba, ba kuma allurar rigakafi ba.

Gyaran bai ci kuɗi ba. Yayan ya koma tsohuwar hanya. Tun Laraba ake nuna wa yaron zanen awaki don ya san gobe Baba ba ya nan. Aka matsar da shi nesa da ƙarfen tashi, ana ba shi umarni ɗaya-ɗaya, marafan kwalbar nan kuwa suka zama kayan lissafinsa.

Malam, in kana da irinsa a aji, ajiye bulala, ka rubuta rana da lokacin da abin ke tashi.