Haɗarin dogon zama a mota ga matafiyan Funtua da Malumfashi

Da kaka ta yi, tashoshin mota a Funtua da Malumfashi kan cika da fatake da dillalan da ke bin masara, dawa da tumatir daga kasuwanni irin su Dandume, Bakori da Danja zuwa kudancin Nijeriya.

Wanda ya nufi Legas kan yini a zaune, wani lokaci har ya kwana, cikin motar da aka cusa mutum huɗu a kujerar mutum uku.

Galibin matafiya na ɗaukar tsamin jiki, ciwon ƙugu da kumburin ƙafa a matsayin gajiyar da barci zai warware. Sau da yawa haka ne, amma ba kullum ba.

A shekarar 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon wani bincike da ya nuna cewa haɗarin daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa na ninkawa idan mutum ya shafe sama da sa'o'i huɗu a zaune bai motsa ba, a jirgin sama ne ko a mota. Hukumar ta ce abin kan sami kimanin mutum ɗaya cikin 6,000, kuma haɗarin kan ɗauki kusan makonni huɗu kafin ya sauka.

Dalili kuwa shi ne naman sharaɓa ke tura jini daga ƙafa ya koma zuciya duk lokacin da aka taka. Idan gwiwa ta daɗe a lanƙwashe, sai jinin ya kwanta. Gudan da ya daskare na iya ɓallewa ya toshe hanyar jini a huhu, abin da kan kai ga mutuwa.

Masu juna biyu, masu jego, masu ƙiba da waɗanda aka yi wa tiyata ba da jimawa ba su ne suka fi shiga haɗari.

Maganin ba ya cin ko kwabo: a sauka a taka bayan kowace sa'a biyu. Tsayawar salla na taimakawa ainun, domin alwala, ruku'u da sujada na miƙar da gaɓoɓi. Sai dai matafiyin da ya haɗa Azahar da La'asar ya rage wa kansa zango guda, don haka yana bukatar neman wata damar ta sauka.

A nan ne matsalar take. Hare-haren 'yan bindiga da aka sha fama da su a hanyoyin Funtua zuwa Gusau da Birnin Gwari sun koya wa direbobi gudun tsayawa a daji. Ke nan sai a ci moriyar kowane gari da kowane gidan mai. A cikin motar ma ana iya ɗaga dunduniya da yatsun ƙafa ana saukewa, a kuma guji cika gaban ƙafa da kaya.

Akwai kuma ɗabi'ar ƙin shan ruwa don gudun fitsari, musamman ga mata, wadda illarta ta fi amfaninta yawa a lokacin zafi.

Duk wanda ya ga ƙafarsa ɗaya ta kumbura tana zafi bayan tafiya, ko numfashinsa ya soma sarƙewa tare da ciwon ƙirji, likitoci na cewa kada a tsaya yi masa tausa ko gashi, a garzaya da shi asibiti.