Lissafin Da Ke Nuna Wa Likita Cikin Kai

Manomi a ƙasar Dambatta ko Bichi ya faɗi daga kan babur, kansa ya bugi ƙasa. Babu rauni a waje, amma ana tsoron jini na taruwa cikin ƙoƙon kai. To, sai a kai shi Kano, Asibitin Koyarwa na Aminu Kano wanda aka kafa a 1988, a sa shi cikin na'urar da ake kira CT. Mutane suna zaton hoto take ɗauka. A'a, awo take yi, hoton kuwa lissafi ne ke fito da shi.

Ga yadda abin yake. Na'urar tana kewaya kai tana harba hasken eksire, wanda Röntgen ya gano a 1895. A ɗaya gefen akwai ma'aunai masu yawa da ke auna hasken da ya ratsa. Daga dubban awon nan kwamfuta ke lissafa kaurin kowane ɗigo, kamar yadda malami zai ba yara jimlar kowane layi, ya ce su nemo lambobin da ke ciki. Godfrey Hounsfield na Ingila ya ƙera ta, aka fara gwada ta kan majiyyaci a Landan a 1971. Hoton farko ɗigo 80 ne a tsaye, 80 a kwance. Na yau yawanci 512 ne kowane gefe.

Amma awon ba ya zuwa da tsabta, sai an gyara shi. Na farko, in an mayar da awon yadda ya zo, hoton yakan yi dishi-dishi kamar tawada a jiƙaƙƙiyar takarda, saboda haka akan tace shi da lissafi tukuna. Na biyu, hasken gauraye ne, akwai mai ƙarfi da marar ƙarfi. Ƙashi mai kauri yakan shanye marar ƙarfin, sai baƙin zane ya fito tsakanin ƙasusuwan kunne, inda zai iya ɓoye ciwo. Na uku, in ma'auni guda ya karkace, kullum kuskure ɗaya zai yi, kamar lotsattsen mudu a kasuwa, sai a ga zobe a hoton wanda babu shi a jikin mutum.

Maganin wannan shi ne gwaji da abin da aka san nauyinsa. A ma'aunin Hounsfield ruwa 0 ne, iska kuwa 1,000 ƙasa da sifiri. Ma'aikaci yakan sa kwanon ruwa cikin na'ura. In wani wuri bai nuna 0 ba, an san inda za a gyara. Na'urorin zamani kuma suna maimaita lissafin sau da yawa, har hoto ya fito sarai da ƙarancin haske, domin yawan hasken nan yana da lahani, musamman ga yara.

Ya ku malamai, ku duba wannan. Johann Radon ya rubuta tushen lissafin nan a 1917, shekara 54 kafin a ga amfaninsa a asibiti. In yaro ya tambaye ku amfanin lissafi, ku gaya masa ran ubansa yana iya rataya a kansa. Muna bukatar 'ya'yanmu su iya gyara awon nan da kansu, ba kunna na'ura kaɗai ba. Allah ya sa mu dace, amin.