Daga Dutsin-Ma Zuwa Bakin Teku: Yadda Ake Tsara Wa Iyali Tafiyar Legas Da Badagry

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara.

Yau maganar tafiya za mu yi. Yaro ya tashi a Dutsin-Ma ko Kurfi, ruwa mafi girma da ya taɓa gani shi ne dam ɗin Zobe, teku kuwa sai a littafin makaranta ko a waya. To idan Allah ya hore, ta yaya magidanci, ko wani yaya a gida, zai kwashi iyali a mota a je a ga tekun Atlantika a dawo lafiya, ba tare da an ci bashi ba? Yankin da muka zaɓa shi ne daga Legas zuwa Badagry, domin ba ya buƙatar fasfo, kuma akwai 'yan'uwanmu Hausawa a kusan kowane zango na hanyar.

Mu fara da lissafin kwanaki. Yawon bakin tekun kansa kwana uku ya isa. Hanyar ce mai cin lokaci, domin daga nan zuwa Legas ya haura kilomita dubu. Direban haya yana iya miƙewa dare da rana, amma kai da ke ɗauke da mata da yara ba ka da wannan damar. Ka ware kwana biyu da rabi na zuwa, uku a can, biyu da rabi na dawowa. Kwana takwas ke nan. Wanda hutunsa bai kai haka ba, gara ya bar motar a gida, a hau jirgi daga filin Malam Aminu Kano, a yi hayar mota a Legas.

Sai hanya. A taswira za ka ga bi ta 'Yantumaki da Ƙanƙara zuwa Funtuwa ya fi kusa. Amma duk wanda ke zaune a yankin nan ya san halin da hanyoyinmu suka shiga a shekarun nan saboda 'yan bindiga, kuma yanayin yana canzawa daga mako zuwa mako. Don haka kar taswirar waya ta zaɓa maka hanya. Ana jibi tafiya ka je tasha ka tambayi direbobin da ke bi kullum, ka sake tambaya da safiyar ranar. Da yawa sukan zaɓi fita ta Kankiya su hau titin Katsina zuwa Kano, daga nan Zariya, Kaduna. Ya fi nisa, ya fi cin mai, amma ya fi jama'a.

Rana ta farko a kwana a Kaduna, in an yi sammako sosai kuma a kai Abuja. Rana ta biyu ita ce doguwa: Lokoja, Okene, Owo, Akure, Ife, a kwana a Ibadan. A Lokoja ku ɗan nuna wa yara inda kogin Kwara ya haɗu da Binuwai. A Ibadan akwai unguwar Sabo, tsohon zangon Hausawa 'yan goro da shanu tun 1916, ba za ka rasa tuwo da masallaci ba. Rana ta uku tafiyar ba ta kai kilomita 150 ba, da hantsi kuna Legas. Doka ɗaya ce ba a sassautawa: a fita bayan asuba idan gari ya waye, a sauka kafin magariba. Idan la'asar ta yi kuka ga ba za ku kai ba, ku kwana a babban garin da ya fi kusa.

Yauwa, sai maganar kuɗi, inda yawancin shiri ke rushewa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, mai shi ne kan gaba a lissafi. Ga yadda ake yi. Mu ƙaddara zuwa da dawowa da yawon cikin gari sun kama kilomita 2,800, motarka kuma tana cin lita ɗaya a kowane kilomita goma. Lita 280 ke nan. Ka ninka da farashin lita na ranar da kake lissafin. Sai ka ɗora masauki na dare bakwai, abinci, kuɗin shiga wuraren yawo, da kuɗin kwalekwale. Abin da ya fito, ka ƙara masa kashi ɗaya cikin biyar ka ajiye gefe saboda faci, bakanike ko asibiti. Idan jimillar za ta taɓa kuɗin makarantar yara ko jarin kasuwa, a ɗage tafiyar, a shiga adashe a tara, baɗi ma rana ce. Gida biyu kuma suna iya haɗa kai su ɗauki mota ɗaya babba a raba mai, sannan a samu direbobi biyu masu karɓar juna.

Motar kuma a kai ta wurin bakanike saura mako guda, domin in an canza wani abu a samu kwanakin gwada shi. A duba birki, baƙin mai, lagireto, fitilu da abin share gilashi. Taya tana da shekaru: a jikinta akwai lamba huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Ka ga 2319, mako na 23 ke nan na 2019. Tsohuwar taya ko da zanenta bai goge ba tana iya fashewa a kan kwalta mai zafi. Safaya, jak, na'urar kashe gobara da alamar nan mai kusurwa uku su kasance a but. Takardu su zama ba su ƙare ba: lasin tuƙi, lasin mota, inshora, da shaidar lafiyar mota. Lambar hukumar kiyaye haɗurra 122 ce, ta gaggawa ta ƙasa kuma 112. Yara a baya, kowa da bel, kar a ɗora yaro a cinya a kujerar gaba.

A cikin Legas ka kiyayi abu biyu: layin motocin BRT, da titin da ake bi ta gefe ɗaya. Jami'an LASTMA ba sa karɓar uzurin "ni baƙo ne". Mutane da yawa sukan ajiye motarsu a masauki su riƙa kiran tasi ta waya, kuma ga baƙo hakan ya fi kwanciyar hankali.

Wane lokaci ya fi? Daminar Legas ba irin tamu ba ce. Ruwa yana sauka sosai daga Afrilu zuwa Yuli, ya ɗan lafa a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba. Daga Nuwamba zuwa Maris ne rani. Sai dai ƙarshen Disamba gari a cike yake, otal ya yi tsada, hanya ta cushe. Farkon Janairu kafin a koma makaranta, ko hutun Agusta, sun fi sauƙi.

To an iso, me za a gani?

Ranar farko a yi ta a cikin gari. Ku bi ta gadar Third Mainland, mai tsawon kusan kilomita 12, wadda aka kammala a 1990. Ruwan da ke ƙarƙashinta tafkin Legas ne, tekun yana gaba. Ku shiga gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan, inda aka ajiye motar da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976. A yi azahar a babban masallacin Legas da ke tsibirin, a nan kusa kuma akwai masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a 1894.

Rana ta biyu ɓangaren Lekki. Akwai gandun Lekki Conservation Centre da aka kafa a 1990, da birai da dawisu da wata gadar igiya a saman itatuwa mai tsawon mita 401. Da yamma a gangara bakin teku. Ka tambayi mai masaukinka wane bakin ruwa ne ke buɗe kuma ya dace da iyali, domin wuraren suna canzawa. Bar Beach da iyayenmu ke ba da labari an cike shi da ƙasa an yi Eko Atlantic, aikin titin bakin teku na Legas zuwa Kalaba ma ya taɓa wasu wuraren a 2024.

A nan zan ɗan tsaya, don Allah a saurara da kyau. Iya iyo a dam ko a gulbi ba ya nufin ka iya teku. Igiyar ruwa tana turo ruwa bakin gaɓa, ruwan nan kuma dole ya koma, sai ya tattaru ya bi ta wani siririn wuri da ƙarfin da ya fi na gwanin iyo. Abin da ke yaudarar mutane shi ne wurin yakan yi kamar ya fi ko'ina kwanciya. Idan ya ja mutum, kar ya yi kokawar komawa gaɓa kai tsaye, gajiya ce ke nutsar da mutane. Ya yi iyo ta gefe har ya fita daga jan ruwan, ko ya kwanta a saman ruwa ya ɗaga hannu. Ga yara kuwa, ruwa iya idon sawu, hannunsu a hannun babba. Kuma a naɗa mutum ɗaya wanda aikinsa kallon yara ne kawai, ba hoto, ba waya.

Rana ta uku Badagry, kuma ita ce zuciyar tafiyar. Ku fita da sassafe saboda gosulo da shingayen jami'ai a hanyar da ta nufi iyakar Seme. A garin akwai benen da 'yan mishan suka gina a 1845, da gidan tarihi na Badagry, da gidan Seriki Williams Abass mai ƙananan ɗakunan da aka riƙa tsare bayi kafin a loda su a jirgi. Za ku ga sarƙoƙi da mari. Daga nan a hau kwalekwale a tsallaka zuwa tsibirin Gberefu, a taka da ƙafa har bakin teku, wurin da ake kira inda ba a dawowa. Ba rigar kariya daga nutsewa, ba shiga kwalekwale, kuma a tabbatar akwai daidai jikin yara.

Wani zai ce ina ruwan ɗan Katsina da Badagry? Da ruwansa. A farkon ƙarni na 19 an fitar da Hausawa masu yawa ta tashoshin wannan gaɓa, musamman Legas, zuwa Bahia a ƙasar Brazil. A 1807 bayi Hausawa suka shirya tawaye a birnin Salvador, aka gano shirin kafin su tashi. A watan Janairun 1835, cikin azumi, bayi Musulmi, yawancinsu Yarabawa tare da Hausawa, suka yi babban tawayen da ake kira na Male, an kuma samu takardu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Haka nan daga Badagry Baturen nan Hugh Clapperton ya taso a ƙarshen 1825, bai kai Kano ba sai bayan kimanin wata bakwai, ya rasu a Sakkwato a 1827, zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ka gaya wa yara wannan tun a mota, sai su san abin da suke kallo in sun isa.

Ƙananan abubuwa da ake mantawa: ruwan sha mai yawa, dambun nama, kilishi, dabino da ƙuli-ƙuli, garin gishiri da sukari na gudawa, maganin zazzaɓi, gidan sauro, da maganin duk mai hawan jini ko ciwon suga na kwanakin gaba ɗaya. Kowane yaro a rubuta lambar waya a takarda a saka masa a aljihu. A tsaya duk bayan awa biyu a miƙe ƙafa, sallar ƙasaru kuma sauƙi ce da aka yi wa matafiyi. Mutum ɗaya a gida ya san inda kuka kwana kowane dare. Hotuna kuwa, 'yan'uwa matasa, a riƙe su sai an dawo. Sanar wa duniya cewa gida ba kowa kuma kuna hanya kaza, a yanayin da muke ciki, ganganci ne.

Shawara ta ƙarshe: kafin babbar tafiya a yi gwaji na yini guda. A bi ta Kurfi a shiga Katsina a ga hasumiyar Gobarau, ko a wuce Daura a ga rijiyar Kusugu, a dawo kafin la'asar sakaliya. A nan za ka gane wane yaro ne mota ke sa wa amai, nawa motarka ke cin mai da gaske, da kuma ko iyalinka suna iya shiryawa ƙarfe shida na safe.

Wanda ya taɓa bin hanyar nan kwanan nan, ya faɗa mana halin da ya same ta domin wasu su amfana. Allah ya kai kowa lafiya ya dawo da shi lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.