Masu Jinyar AS/400

A 1988 kamfanin IBM ya fito da kwamfutar AS/400, wadda aka ƙera a garin Rochester na jihar Minnesota a Amurka. An sha sauya mata suna, tun 2008 ake kiran manhajarta IBM i, amma har gobe bankuna da kamfanonin inshora da manyan ɗakunan ajiyar kaya a kanta suke lissafi. Akwai mutanen da nan abincinsu yake: su wuni gaban baƙin allo mai koren rubutu suna jinyar rumbun bayananta, Db2.

Ka ɗauka an cire kuɗi daga asusun wani za a zuba a na wani, sai wuta ta ɗauke a tsakani. Ƙa'ida ita ce ko duka biyun su tabbata, ko a warware su baki ɗaya. Umarnin COMMIT ke tabbatarwa, ROLLBACK ke warwarewa. Amma injin ba zai warware abin da bai rubuta ba, don haka kowane fayil sai an ɗaura shi da rajistar da ke riƙe da duk canjin da aka yi. In an manta, saƙon SQL7008 ya bayyana. Wannan ko sabon hannu zai gyara.

Inda ake gane gwani shi ne wajen tiriga, wato kunama irin ta bindiga. Ɗan ƙaramin shiri ne da ake liƙa wa fayil da umarnin ADDPFTRG. Da an ƙara, ko an gyara, ko an goge wani layi, sai ya tashi da kansa ya yi nasa rubutun a wani wuri. Sau da yawa da harshen RPG aka rubuta shi, wanda ya rubuta kuwa ya daɗe da yin ritaya. Idan aka haɗa shi yana gudana a keɓe, ba a rukuni ɗaya da shirin da ya tayar da shi ba, to ranar da aka yi ROLLBACK uwar aikin za ta warware, rubutun kunama ya tsaya daram. Babu ƙara, babu saƙon kuskure. Sai ƙarshen wata akanta ya ga littafi biyu sun ƙi haɗuwa.

Abin da ke burge ni da mai wannan sana'a shi ne ba ya cinke. Zai fara da DSPFD ya ga kunamu nawa ke kan fayil ɗin, ya karanta tarihin aikin, sannan ya buɗe rajista da DSPJRN yana bin sawu layi-layi, kamar mai neman ɓatacciyar saniya, har ya iske rubutun da ya fita daga garke. Maganin kansa bai taka kara ya karya ba: a sake haɗa shirin kunamar da ACTGRP(*CALLER), a sa fayilolinsa su bi ƙa'idar tabbatarwa. Daga nan sai ya ja kujera kusa da akanta, su yi kwanaki suna tsince tsoffin lambobin da kunamar ta bari ɗaya bayan ɗaya.