Dashen Itacen Fikan a Gida Domin Inuwa da 'Ya'ya

Asalin itacen fikan shi ne kwarin Kogin Misisifi da koramun Tekzas a ƙasar Amurka, da kuma arewacin Meziko. Sunansa ya samo asali ne daga harshen mutanen Algonkin, 'yan asalin ƙasar, kuma ma'anarsa ƙwallon da sai da dutse ake fasa shi. Itace ne babba ƙwarai, domin tsayinsa kan kai ƙafa 100, kuma yakan haura shekara 200 yana bayar da 'ya'ya. Ƙwararsa tana da mai wajen kashi 70 cikin ɗari, wato ta fi gyaɗa maiƙo. Saboda inuwa da abincin da yake bayarwa, jihar Tekzas ta ɗauke shi a matsayin itacen jiha a shekarar 1919.

To, wannan girma da wannan tsawon rai su ne suke sa dashensa ya zama abin yin nazari. Kuskuren da magidanci ya yi ranar dashe ba ya bayyana sai bayan shekara goma ko fiye, lokacin da gyara ya riga ya wuce sai dai sara.

Abu na farko shi ne iri. Wanda ya binne ƙwallo ya jira tsironsa zai yi shekara 10 zuwa 15 kafin ya ga 'ya'ya, kuma ba lallai su yi kama da na uwar ba. Sau da yawa sukan fito ƙanana masu taurin ɓawo. Maganin wannan shi ne aure, kamar yadda ake yi wa mangwaro: a yanko reshen itace mai kyau a haɗa shi da gindin tsiro. Wanda tarihi ya fara ambata da yin nasara a wannan aiki wani bawa ne mai suna Antoine, mai kula da lambu a gandun Oak Alley na Luwiziyana, wanda ya aurar da itatuwa 16 a tsakanin 1846 da 1847. Irin da ya fitar ne aka ba lambar yabo a baje kolin Filadelfiya na 1876, aka kuma sa masa suna Centennial. Abin takaici, ko sunan mahaifin wannan gwani ba a rubuta ba. Dashe mai aure kan fara 'ya'ya cikin shekara 5 zuwa 8.

Bugu da ƙari, itace ɗaya ba ya wadatar da kansa. Furen namiji da na mace duk suna jikin itace guda, amma ba sa nuna lokaci ɗaya. A wasu ire-iren, kamar Pawnee da Desirable, bununi yana tashi kafin furen mace ya shirya. A wasu kuwa, kamar Stuart da Elliott, furen mace ne yake riga. Tun da iska ce take ɗaukar bununin, wajibi ne a dasa ɗaya daga kowane rukuni, sai fa in maƙwabta suna da nasu a kusa. A yankuna masu yawan ruwan sama kamar Jojiya akwai wata cutar fumfuna mai baƙanta ganye da 'ya'ya. Mai babbar gona yana da injin feshi, amma magidanci ba shi da hanyar fesa itace mai tsayin bene. Saboda haka ya fi masa alheri ya zaɓi Elliott, mai jure cutar, ya bar Desirable duk da girman ƙwallonsa.

Sai batun wuri, inda mafi yawan mutane suke kasawa, domin ɗan dashe mai ƙafa biyar ba ya nuna abin da zai zama. Tazarar da ake so tsakanin manyan itatuwa ita ce ƙafa 60 zuwa 80. Rassan fikan suna da saurin karyewa idan 'ya'ya sun yi nauyi ko guguwa ta taso, kuma darɓa takan zubo da danƙo kan duk abin da yake ƙarƙashi. Don haka ba a dasa shi jikin ɗaki, ko ƙarƙashin wayar lantarki, ko inda ake ajiye mota. Ana yin dashe da hunturu, daga Disamba zuwa Maris, sa'ad da itacen ya zubar da ganye, a rami mai zurfin da uwar saiwa za ta miƙe ba tare da lanƙwasa ba. Wannan sanyin hunturu sharaɗi ne ga fitar fure, shi ya sa itacen ya karɓi wasu sassan Afirka ta Kudu amma bai dace da ƙasashe masu zafi duk shekara ba.

Bayan dashe, ban ruwa ne babban aiki, musamman a shekaru biyun farko, da kuma watannin Agusta da Satumba lokacin da ƙwara take cika ɓawo. Idan ganye ya tsuke ya yi cunkus a ƙarshen reshe, alamar ƙarancin sinadarin zinki ke nan. Itacen kuma yana da ɗabi'ar cika da 'ya'ya bana, baɗi ya yi kaɗan.

Daga Oktoba zuwa Nuwamba kwanson waje yakan tsage gida huɗu, ƙwallo ya faɗo. A nan sai a yi hanzarin tsincewa kowace rana, a shanya a inuwa kamar mako biyu, domin kurege da hankaka ba sa jiran mai gida.